Malam Rufa'i Mai Jin Shirun Turmi

Kullum in aka idar da sallar asuba a Ba'awa, Malam Rufa'i masassaƙi ba ya shigewa cikin gida. Sai ya zauna kan gungumen ƙiryar da ke ƙofar zaurensa, gizago a cinya, kai a karkace kamar mai ciwon wuya, har hantsi ya ɗaga. Baƙo zai ce gyangyaɗi yake yi. To sauraro ne. Yawancin turamen unguwarmu daga hannunsa suka fito, kuma ya san muryar kowanne. Daka na tashi za ka ji ya ce, "Wannan na gidan Liman ne. Wancan mai amon ganga na Hasiya ne, taɓaryar ta yi mata nauyi, a ce ta aiko in rage." Sai ya ji kowane gida ya amsa sannan ya yi bisimilla ya soma sara.

Ni Gwadabe ke wannan jinjina, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na yabon mutum da arha. Ban taɓa zama ajin boko ba, amma na ga abin da takarda ba ta gani ba. Bijimi ya ɗaga ni sama a kasuwar Bebeji, na sauko da ƙafafuna. Mota ta kife da mu a hanyar Kano, ni na fara fitowa har na jawo direban. Duk da haka, in Rufa'i na wuri, ni ƙaramin alhaki ne.

Da gizagon nan ya ciyar da 'ya'yansa da marayun wansa a kwano ɗaya, har yau baƙo ba ya bambance su. 'Ya'ya matan duk ya aurar, kowace da turminta da kujerarta. Da injin niƙa ya shigo gari aka ce sana'arsa ta mutu, dariya ya yi, ya ce, "A kai wa injin dakan fura mu gani."

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, damina ta gaba hatsina ya ƙare tun gero bai fid da kai ba. Ni kuwa ba a haifi wanda zan roƙa ba. Tani, uwargidana, tana dafa mana rama, ni ina fita majalisa da tsinken sakace a baki. Ba wanda ya gane. Sai ga sallamar Rufa'i da hantsi, damin dawa a ka.

"Kai sarkin baki, fito min da turmina."

"Turminka? Da akuyata na saye shi!"

"Ni na sassaƙa shi. Na ji ya yi shiru, ina tsoron ko ya tsage. A sussuke wannan a surfa, in ji amonsa daga gida."

Na ce to in an gama a mayar masa. Ya ɓata rai, ya ce, "Hatsin gwaji ba ya komawa gidan masassaƙi. Haka na gada."

Babu wannan a gadon sassaƙa. Na sani, ya san na sani. Muka ci tuwo, na ci gaba da cika bakina a majalisa, bai taɓa ko kallona da wutsiyar ido ba. Daga baya na ji haka ya yi wa Hasiya shekarar da mijinta ya rasu, haka ya yi wa wata ruga ta wajen Burumburum.

Kai ne, Rufa'i, mai ciyarwa ya bar wa mutum hularsa a kansa.

To bana kafaɗar Rufa'i ta ce ta gaji. Likita ya ce a ajiye gizago, fartanya ma haka, ruwa kuma ya kwanta a gonarsa ta fadama. 'Ya'yan na kira daga Kano, yana cewa komai lafiya, don ya san su ma fama suke. Amma ni kunnena ba na ado ba ne. Na kasa kunne, na sake kasawa, ban ji dakan Asabe matarsa ba. Na zaɓi dami mafi girma a rumbuna, wanda samarin yanzu sai su taru su ɗaga, na kinkima ni kaɗai. Abin da nake tsoro ɗaya ne: mutumin nan taurin kai gare shi, in ya ƙi karɓa, gidan zai ci gaba da kwana da rama.

Ina isa na tarar ashe ba ni kaɗai na iya sauraro ba. Ga Hasiya da ƙwaryar gero, ga matan ruga da nono, ga matan unguwa sun mirgino turamensu.

Rufa'i ya miƙe, fuska a murtuke. "Wa ya mutu?"

Na ce, "Turmin Asabe muka ji shiru. Gwaji muka zo."

"Kai masassaƙi ne? Ko ƙotar fartanya ba ka iya feƙewa. Ɗauki kayanka, Gwadabe."

"Ba ya komawa. Haka na gada."

"A wajen wa?"

Sai Asabe ta leƙo daga zaure, mayafi a baki tana danne dariya. "Malam, ai dokarka ce. Ko yau za a karya ta?"

Ya dube ta, ya dube mu. Ya koma ya zauna kan gungumensa. Mata suka saki lugude har ƙasa na motsi. Ya karkata kai, ya rufe ido, ya shiga kira: "Na Hasiya. Na gidan Liman. Na Tani, har yanzu gaggawa take kamar mijinta." Da na Asabe ya shigo, hula kawai ya jawo ya goge fuska.

Mun gode, Malam Rufa'i. Allah ya hutar da kafaɗar nan, ya saka maka da gidan Aljanna bayan tsawon rai. Ku kuma samari, gizago ba kowa zai iya ba, amma kunne kowa na da shi. Gobe da hantsi ku ajiye wayar nan, ku saurari katangar maƙwabci. In kun ji shiru, kada ku tambaya. Ku ɗauki dami ku je gwaji.