Kimfin Motar Maƙwabciya

Shekarar da Baba ya zo jinya Kuala Lumpur ina can tsakiyar digirina na uku. Da likitoci suka ce sun yi iya yinsu, sai muka yanki tikitin komawa Kano, saura kwana goma. Abu ɗaya ya roƙe ni. Shekara talatin yana jan tirela, ya ce in fitar da shi babbar hanya ko sau ɗaya, ya gaji da kallon silin.

Matsalar, ba ya iya dogon zama. Maƙwabciyarmu a Titiwangsa, wata dattijuwa 'yar Malesiya, tana da tsohuwar motar mijinta marigayi, irin mai gado da murhu a ciki. Ta miƙo mini makulli ba ko tambaya.

Ko layinmu ba mu fita ba Baba ya ce daga kan gadon, "Tsaya. Kimfin ya cinye." Kimfin shi ne ƙarfen da tayar gaba ke juyawa a kansa. Na ce mu lallaɓa a hankali. Ya ce bai taɓa ɗaukar fasinja da sitiyari yana rawa ba, ba kuma a kan ɗansa zai fara ba. Taurin kan Baba sai shi.

To, ga wautata. Na yi yadda ake yi a gida: na ɗaga motar a jak, yana faɗa ina kwancewa, na zuba ƙarafan a leda na hau jirgin ƙasa na cikin gari. A zatona kowane lungu akwai mai gyara, kamar kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Ina! Makanikan garin nan sa sabo kawai suka sani, na tsohuwar mota irin wannan kuwa ba a samu. Kowa ya leƙa ledar sai ya ce "tak boleh", wato ba zai yiwu ba. Kwana huɗu ina yawo, raina a ɓace, ga motar a kan jak, ko lallaɓawar ma babu.

A bayan wata kasuwa a Cheras na samu wani tsoho ɗan Sin mai injin sassaƙa ƙarfe. Ya auna, ya ce zai sassaƙa sabo, amma sai mako guda. Na roƙa, na faɗa masa dalili. Ya gama a kwana huɗu.

Amma kafin nan jikin Baba ya tsananta, ko ɗaga shi aka yi sai ya yi nishi. Na zauna bakin gadonsa na sa masa kimfin ɗin a hannu, tsoro da haushin kaina sun cika ni. Ya bi shi da babban yatsa tun daga sama har ƙasa, idonsa a rufe.

"Wannan ya san aiki," ya ce. "Ka sa giris sosai."

Na ce gobe za mu fita.

"Kai dai ka ɗaura wa matar nan motarta," ya ce. "Ba a mayar da abin aro a kwance."

Na ɗaura. Ni kaɗai na gwada ta a babbar hanya, sitiyarin ko motsi.