Motar da Aka Ce Ni Nake Girgiza Ta

An ce ni nake girgiza mota. Damina guda ana faɗar haka a Tudun Wada, kuma har yau da nake rubuta wannan da hannuna, ni da sai da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, ban ce na yafe ba.

A shekarun nan, Turawa ba su tafi ba tukuna, mota ɗaya ce take zuwa kasuwar Kafin Maiyaki daga garinmu, mai bodin katako. Direbanta ƙanin mijina marigayi ne. Ni kuwa zare nake kaɗawa ina kai wa masaƙa a can, da shi nake ciyar da 'ya'yana uku. Mijina kwana biyu ya yi yana ciwo ya rasu, tun a zaman makoki na ga yadda danginsa suke kallona.

Ranar da na fara shiga motar bayan na fita takaba, ranar ta fara rawa. In tana tafiya a hankali, lafiya lau. Da direba ya taka totur, sai katakon da muke zaune a kai ya ɗauki kyarma, haƙora suna haɗuwa, nonon wata Bafulatana yana fantsama a zanen mutane. Ya ɗaga ƙafa, ta lafa.

Ya canza filogi. Ya juya tayoyi, na gaba suka koma baya. Ya ɗaure kusoshin bodi. Rawa tana nan. A mako na huɗu babu mai zama kusa da ni, mota cike amma gefena fili. Ba wanda ya furta kalmar mayya a gabana, sai dai mata suna janye goyonsu in na hau.

Wata rana a hanya wani dattijo mai fataucin barkono ya buga bodi aka tsaya.

"Baiwar Allah," ya ce, "ba don komai ba, ɗan sauka mu gwada."

Na dubi direba. "Kai ma haka ka ce, ƙanina?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba matar Yaya, sauka mana. Ƙila nauyin zarenki ne."

Na sauka. Ya ja motar kamar mai rakiyar makaho, ya yi gaba kaɗan ya tsaya. Suka ce ai ga shi nan, ko motsi ba ta yi ba. Na ce ya koma ya taka ta yadda ya saba. Ya ce rana tana yi, kasuwa za ta watse.

Daga nan na sa masa ido. Na lura yakan buɗe gaban mota kowa ya leƙa, amma da maƙerin unguwarmu ya ce bari ya shiga ƙarƙashi ya duba, sai ya ce ba aikin maƙera ba ne. Zuwa Kano wurin bakanike kuma kullum sai mako mai zuwa. Mutumin da motarsa ke ciwo ba ya korar mai dubiya.

Akwai wani rafi da in ya kawo ruwa sai kowa ya sauka a ƙetare da ƙafa. Rannan na yi jinkiri da gangan, na tsuguna kamar ina cire ƙaya, na leƙa ƙarƙashin motar. Akwai dogon ƙarfe da ya taho daga inji zuwa tayoyin baya, suna ce masa farfela, shi yake juyawa ya tura motar. A tsakiyarsa, gefe guda, an ɗaure wani ƙunshi cikin jar fata, ya kai dunƙulen hannu, an naɗe shi da waya tam. Laya ce. Ɗinkin sabo ne, kuma na san hannun badukun, shi yake yi wa gidan surukaina aiki.

Muka ci kasuwa muka dawo. Da la'asar na ɗauko mazarina. Duk mai kaɗi ta san gululu, dunƙulen yumɓun nan da ke ƙasan mazari, in ya fi nauyi ta gefe ɗaya ba a samun zare. Na manna masa ɗan taɓo a gefe, na murza a hankali, ya juya sumul. Na murza da ƙarfi, ya kama tangaɗi har ya tsinke zaren. Na ɓamɓare taɓon, ya daidaita. Sau uku na yi.

Ashe farfela ita ce mazarin, laya kuma ita ce taɓon. Wato da direba ya ji zan fara shiga motarsa, sai ya nemo maganin mayu, ya ɓoye shi inda ba zan gani ba. Da motar ta kama rawa kuma sai ya ce maganin ne yake kokawa da ni. Ko da gaske ya yarda da haka, ko ya gane ya yi shiru don a kore ni, wannan har yau ban sani ba. Na fi zargin na biyun.

Wuƙa tana gidana, motar kuma a bakin kasuwa take kwana. Amma in ni na yanke layar, za a ce mayya ta cire abin da ya tare ta, shi ke nan na gama zama a garin.

Washegari da aka fito sallar asuba na tsaya a ƙofar gidan surukina, mahaifin direban, da mazari da taɓo a hannuna. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Sannan na ce, "Baba, ka taho da liman bakin mota. Ɗanka zai kwance layar da ya ɗaure a ƙarƙashin mota da hannunsa ya rataye ta a wuyana, in zauna a gaba, ya taka totur har Kafin Maiyaki. In motar ta yi rawa, ni ce; in ba ta yi ba, kowa ya shaida."