Ledar Jini don Taubashina

Duk Mubi, daga bakin mayo, wato kogi, har duwatsun da ke kallon Kamaru, ba a taɓa haifar mai jini irin nawa ba. Sauro in ya cije ni, sai ya tari keke napep ya koma gida, don ba ya iya tashi. Na taɓa yanke yatsa wajen mai tsire, har mahauta suka zo tambaya wane ne ya yanka sa bai gayyace su ba. Haka nake faɗa kullum safe a teburin mai shayi, sannan in ƙara da cewa ban taɓa taka asibitin gwamnati ba, don can sai wanda ya gaji da duniya. Wannan kam ba ni kaɗai ke faɗa ba. Kowa a teburin yana da labarin wani da aka kai can aka dawo da shi a makara. Watannin da mutumin ya yi yana karɓar allura a kemis kafin a kai shi, babu mai tuna su.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, manomi a Muchalla. Tun muna yara ba mu taɓa gaya wa juna magana mai daɗi ba, haka wasan yake: ina kiransa bawana, yana kirana bawansa. Gyambon ciki ya daɗe yana cinsa, shi kuma yana danne shi da ƙwayoyin kemis. Wata rana ya yi aman jini a gonar wake. Aka ɗaure shi da zani a bayan ɗan acaɓa, aka kawo shi asibitin gwamnati, matarsa ta kira ni.

Na same shi kwance, tafin hannunsa fari fat kamar tuwon shinkafa.

"Bawana," na ce, "ka zama Bature ba ka gaya mini ba?"

"Baƙin ciki zai kashe ka," in ji shi, da ƙyar.

Nas ta ce sai an ƙara masa jini da gaggawa. Irin nasa babu a ajiye, dangi su kawo masu bayarwa. Ƙanensa yana tsaye ya ce, "Asibitin ba na gwamnati ba ne? To gwamnati ta ba shi nata mana." Ya fita neman ruwan sha, ban sake ganinsa ba sai wajen jana'iza.

Na garzaya teburin mai shayi. Ɗaya ya ce jinin talaka suke tarawa su sayar wa masu kuɗi a Yola. Ɗaya ya ce duk namijin da aka ɗibi jininsa ya gama aiki a gida, shi kuwa yana da iyali. Na ukun ya ce azumi yake, da burodi a bakinsa. Sai mai shayi ya ce, "Alhaji, kai da sauro ba ya iya ɗaukar naka, me kake nema wurinmu?"

Gaskiyarsa ce. Na koma asibiti, na shiga ɗakin gwaji ina naɗe hannun riga, na ce da matar da ke wurin ta ajiye wannan 'yar ledar ta kawo jarka. Muryata kuwa har bakin ƙofar asibiti ake jin ta. Ta soki yatsana, ta ce in jira. Da ta dawo sai ta ja ƙofa.

"Baba, ba za mu ɗiba ba. Akwai ciwon hanta a jininka."

"Ni? 'Yar nan, ko mura tsorona take ji."

"Haka yake zama shiru. Mutane da yawa suna yawo da shi ba su sani ba, don ba sa zuwa gwaji. Ka kawo madam da yara a duba su."

Na ce to ta ɗiba ta tace da rariya kamar koko. Ba ta yi dariya ba. Ni na yi, da ƙarfi, na kuma maimaita sunan ciwon da ƙarfi, har na waje suka ji. Kafin in isa gadon taubashina labari ya riga ni. Matarsa ta janye kofin ruwanta daga gefena da ƙafa.

Ba a samu mai bayarwa ba. Taubashina bai ga ranar kasuwar da ta biyo ba. A teburin mai shayi, inda yanzu aka ware mini kofina ni kaɗai, an sa shi cikin waɗanda asibitin gwamnati ya kashe, kuma mai azumi da burodi ya fi kowa zafi a kan maganar.

Amma ranar nan, da na zauna bakin gadonsa ina sauke hannun rigata, ya buɗe ido ɗaya ya dube ni sama da ƙasa. Ya yafito ni, na kai kunnena kusa, a zatona wasiyya zai bari.

"Bawana," ya ce, "gwamnatin da ko kaza ka sayar sai ta karɓi nata, kai ka ba ta kyauta ta ce ba ta so."