Ranar da Yaya Arzika ya tuɓe takalmi

Shekara ashirin da biyar ke nan da muka kai Yaya Arzika makwancinsa. 'Ya'yansa masu digiri sun ce in rubuta wani abu a jarida, ni da aka kora daga elementare tun a aji biyu saboda na shigo da tarwaɗa mai rai cikin aji. Suna so in ce mutum ne mai tsafta, mai riƙon zumunci. Duk gaskiya ne. Amma ni in na tuna shi, ƙafafunsa nake gani a kan tabarma, ba takalmi.

Mu Sarkawa ne na Argungu, su, wato kamun kifi, muka gada. Da ragar homa da gora Baba ya ciyar da mu. Yaya kaɗai ya yi boko, ya samu aikin ofis a Birnin Kebbi gab da mulkin kai. Wanda bai gan shi a lokacin ba bai san ƙwalisa ba: kwat mai ruwan toka, agogo, keke mai ƙararrawa, da baƙin takalmi wanda za ka duba haƙoranka a ciki. Turare kuwa kamar wanka yake da shi, don tsoron kada ƙarnin kifi ya bi shi har ofis. Abin da Birnin Kebbi ta sani, ubansa manomin shinkafa ne. Muna noma shinkafar kam, rabin maganar dai ya haɗiye.

Dalilinsa Nana ce, ɗiyar Malam Usmanu, daga gidan karatu da ba a taɓa jin sun ba masunci aure ba. Yaya har ya shirya da wani kawunmu ɗan kasuwa ya je neman auren a madadin Baba.

Makon da aka karɓi mulkin kai, gari ya cika da tutoci, Yaya ya gayyaci Malam da wani ƙanen Malam ɗin cin abincin rana a ɗakinsa na haya. Ya aika gida a kawo giwan ruwa, don ba ta da ƙananan ƙayoyi. Gulbi na cike a lokacin, giwa ba ta samu ba, sai Baba ya ba ni manyan karfasa. Na zo da su cikin kwando a bayan babbar mota, zaune kan buhunan albasa.

Yaya ya leƙa kwandon. "Bawa, mi na ce a kawo?"

"Abin da gulbi ya ba mu ke nan, Yaya."

Ya sa na yi wanka da sabulu mai ƙamshi har fatata ta yi zafi, sannan ya ce, "In Malam ya tambaye ka sana'arka, ka cika bakinka da tuwo."

Matar mai gidan ta yi tuwon shinkafa, miyar ta ji kifi. Yaya ya jera cokula, Malam ya ture nasa ya wanke hannu. Yana ci yana yaba miyar, yana tambayar Yaya ko Turawan da gaske tafiya za su yi, sai maganar ta tsaya masa a tsakiya. Ya dafe maƙogwaro. Ƙaya.

Ƙanensa ya ba shi lomar tuwo ya haɗiye, abin ya ƙara shigewa. Aka ba shi ruwa, ya dawo ta hanci. Idanunsa suka yi ja, jijiyoyin wuyansa suka tashi, da ya tofar sai ga jini.

A gidanmu akwai maganin ƙayar kifi, gado ne, babban ɗa ake ba. Ni ba a ba ni ba, Baba ya ce bakina ba ya riƙe magana, ga shi kuwa ina tabbatar masa a jarida. Sharaɗinsa biyu: mai yi zai tsaya ba takalmi, kuma zai kira sunayen iyayensa da sana'arsu da babbar murya kafin ya taɓa mara lafiya. Ba a yin sa a ɓoye. Duk ɗakin nan Yaya kaɗai ke da shi, kuma in ya yi, ya san Nana yake sakawa a caca.

"Yaya," na ce, "Malam hwa."

"Yi mini shiru." Ya juya ga ƙanen Malam. "Bari in hau keke in nemo malamin asibiti."

"Kahin ka dawo mi za ka iske?" in ji shi, yana riƙe da kafaɗar wansa.

Yaya ya kai bakin ƙofa, hannunsa a kan keken. Numfashin Malam ya fara fita da wata ƙara irin ta kifin da aka jefa kan tudu. Ban san tsawon tsayuwar nan ba, na dai san gumi ya jiƙa masa bayan kwat. Sai na ga ya duƙa yana kwance igiyar takalmi.

Ya ɗebo ruwa a ƙoƙo, ya tsaya gaban Malam, ya ce da muryar da ban ji ta ba tun muna bakin gulbi, "Ni ne Arzika, ɗan Manu masunci, ɗan Noma masunci, ɗan Gado mai homa." Sauran ya faɗa wa ruwan a hankali. Ya ba Malam ya kurɓa, ya shafi wuyansa zuwa sama. Malam ya yi tari mai ƙarfi, ƙayar ta faɗo a tafin hannunsa. Likitocin gidanmu kada su tambaye ni yadda aka yi, abin da na gani na faɗa.

Da numfashi ya daidaita, Malam ya ɗaga kai, muryarsa a dishe. "Ɗan wa ka ce?"

Yaya ya maimaita. Malam ya tashi, ya yi sallama, ya bar tuwonsa. A waje ana kaɗe-kaɗen murna, mu kuwa ko cokulan ba wanda ya kwashe.

Sai bayan an sauke tutoci saƙo ya zo: Malam ba ya son ganin kawu ɗan kasuwa. Manu masunci ya zo da kansa, ko a bar maganar. Dole Yaya ya tafi Argungu ya durƙusa ya faɗa wa Baba abin da ya riƙa cewa a kansa. Baba na gyaran homa, bai ɗago ba. Ya ce, "To wa za shi tahi, manomin ko masuncin?" Masuncin ne ya je, da rigarsa da ƙarninsa da ƙunshin kifi banda. Aka ba Yaya Nana.

Yau jikokin Yaya kifin ƙanƙara suke saye cikin kwali, ba wanda zai iya bambanta karfasa da kawara. Amma in lokacin bikin kamun kifi na Argungu ya zo, sai su yi hoto da homar aro su watsa a waya, suna cewa su jinin Sarkawa ne. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce in ya ga abin da ya yi ta wankewa da turare ya zama ado. Ina jin dariya zai yi, sannan ya gyara musu riƙon homar.

Bai taɓa barin kwat da turare ba har ya rasu. Amma daga ranar nan, ko wane lokaci aka buga masa ƙofa da mai ƙaya a wuya, ko da manyan ofis na zaune, yakan tuɓe takalmi ya kira Manu da Noma da Gado, unguwa na ji. Bai taɓa rage murya ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya iske su cikin rahama.

Nana ta tsufa, amma har yanzu karfasa take so. Duk sanda na kai mata, sai ta turo mini kwanon ta ce, "Bawa, tsince mini ƙayar da kyau. Mai cire ta ya tahi."