Malamar Tarihin Matan da Aka Tsallake

Ranar Laraba, sha tara ga watan Yuni, ina gaban allo sakataren sashenmu ya leƙo ya yafito ni. "Malama ta cika," ya ce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kasa komawa ajin.

Malama, a sashen tarihi kika ƙarar da ƙuruciyarki, kina bin sawun matan da littattafai suka tsallake: masu wanki da girki a gidajen Turawan mulkin mallaka, waɗanda aka yi wa ciki aka sallama, da 'ya'yansu da suka tashi ana yi musu gorin launin fata.

Ina ɗalibarki na raka ki wurin wata tsohuwa, ɗiyar mai wanki, wadda ba ta taɓa ganin ubanta ba. Ta dube ki ta ce, "'Yar nan, wa zai so jin wannan abin kunya?" Kika zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, kika ce, "Ni, Inna. Kuma kunyar ba taki ba ce." Har rana ta faɗi tana magana tana kuka.

Wannan aiki bai jawo miki komai ba sai baƙin jini. Aka ce kina tonon asiri, kina koya wa 'yan mata rashin kunya. Ɗalibanki suka zama farfesoshi, takardunki na neman ƙarin girma na kwance a tebur. Kikan yi dariya ki ce, "Wataƙila sai na mutu za su karanta, su ga ashe ba zagi ba ne." Ban ga alamar za su karanta ba.

Da na haihu ina tsakiyar digiri na biyu, na zo in ajiye karatun. Kika karɓi jaririyar, kika shimfiɗa mata mayafinki a kan kujera. "Je ki ɗakin karatu. Ni da jikata muna da hira." Haka muka yi har na gama.

Yanzu an cire darasinki daga manhaja, wai babu masu ɗauka. Ofishinki za a mayar da shi ɗakin ajiya. Na buɗe kwalin kaset-kaset ɗin hirarrakinki, na tarar ruwan da ke yoyo daga rufi ya cinye fiye da rabi. Tsofaffin duk sun rasu. Wadda ta san muryar kowacce, ke ce. Na ɗauke ragowar zuwa gida, amma ban san wa zan kunna wa ba.

Allah ya jiƙan ki, Malama, ya haskaka makwancinki, ya saurare ki da rahama yadda kika saurari marasa gata. Ga maigidanki, da 'ya'yanki, da ƙanwarki da ta yi jinyarki, Allah ya ba ku haƙuri. Mu ma da kika bari, a sa mu a addu'a.