Direban Tanka a Motar da Ba Ta Shan Mai

Shekara talatin da wani abu Baba ya yi yana jan tankar mai, sai ga shi ranar da ya sauka Dubai na ɗauko shi a motar da ba ta shan ko ɗigo. A sanyin 2019 ne, mun kawo shi a cire masa yanar ido. Lokacin ina aiki a wani kantin magani, muna zaune da maigidana a unguwar Karama, hawa na uku. Motar ta lantarki ce, ƙarama, ta hannu muka saya.

Daga filin jirgi har gida kunne kawai ya kasa. Da muka tsaya ya ce, "Uwata, motar nan a kunne take kuwa?" Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa ba ya kama sunana.

Aka yi aiki lafiya. Likita ya hana shi shiga rana na 'yan kwanaki, zaman gida kuwa bai taɓa karɓar Baba ba. Wata la'asar na dawo aiki ya tare ni da tambayar a ina motar take cin abincinta. Na buɗe masa taswira a waya, wadda ke nuna wuraren caji da ɗigo-ɗigo kore. Ya matso da ita kusa da sabon idonsa, ya daɗe yana kallo.

Daga ranar ya samu abin yi. Kullum bayan la'asar sai ya karɓi wayar da kofin shayi, ya ce in nuna masa Sharjah, in nuna masa Abu Dhabi, ya gwada da Dubai. Da na kai shi ƙasar Sin a taswirar ya yi salati, ya ce kamar buhun gero ya fashe. Maigidana ya shigo zancen, yana cewa Sin ta fi kowa, amma wani Bature abokin aikinsa ya rantse in aka auna da yawan mutane ƙasarsu ce gaba. Baba ya bar shi ya gama.

"Na cikin gari kuke ƙirgawa," ya ce. "Wa ya taɓa kwana a hanya a cikin gari? Ku nuna min tsakanin gari da gari."

Da tsinken ashana yake awonsa, ya ɗora a kan gilashin wayar daga wannan ɗigo zuwa wancan. Ƙasar da tsinke ya faɗi a fili babu ɗigo, sai ya girgiza kai ya ce da sauransu. Ran nan ya ce in nuna masa Kano. Na ja taswirar, ga Dala, ga hanyar Zariya, fili fayau. Ya ce in matsa Kaduna. Nan ma haka. Na zaci ransa zai sosu, sai na ji ya fara lissafo gidajen man da ya sha sauke wa kaya a hanyar, da wanda ke da masallaci mai tsabta, da wanda matar mai gadi ke sayar da fura.

Shi da kansa ya hango wani ɗigo can gefe, cikin duwatsu. Na ce wani gari ne, Hatta sunansa. Ya ce, "Shi kaɗai, bawan Allah? Can za mu."

Ranar Asabar muka kama hanya mu biyu, maigidana yana aiki. Laifina ne, ban cika batir ba, kuma na manta baƙi irinmu ba sa bin gajeriyar hanyar da ta ratsa Oman, sai an zaga ta Sharjah. Da muka fara hawan duwatsu lambar batir ta dinga sauka a idona.

"Saura nawa?" ya tambaya.

"Kashi goma sha takwas cikin ɗari, Baba."

"Tafiyar fa?"

Na faɗa masa. Ya gyara zama, muryarsa ta koma wata wadda ban san shi da ita ba. "Kashe sanyin nan, sauke gilashi kaɗan. Koma hannun dama, bar su su wuce, ba tsere muke ba. Ɗaga ƙafa. A'a, ba duka ba. Ki taka kamar akwai ƙwai a ƙarƙashi."

Haka ya dinga karanta min hanya, inda zan tara gudu kafin hawa da inda zan sake ta. A wata doguwar gangara lambar ta ƙaru da ɗaya. Na ce masa in tana gangarowa batirin ƙara caji yake yi. Ya sa na maimaita, sannan ya fashe da dariya har da buga cinya. Ya ce shekarun da ya yi yana ƙona birki a gangarar Jos, da haka ne da ya isa da mai fiye da wanda ya ɗauko.

Mun isa da saura kashi shida. Ya ce shi zai jona. Ya riƙe kan wayar cajin da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya tsaya yana jiran ƙara ko wari, bai ji komai ba. Muka yi azahar, muka ci shinkafar da na zo da ita a gindin wata bishiyar dabino, muka leƙa dam. Ruwan kore shar tsakanin duwatsu. Ya ce rabon da ya ga launi haka tun kafin ya ajiye tuƙi, shekara huɗu ke nan.

Da muka dawo wurin motar ya tsaya ta ɓangaren direba, yana shafa murfin. Bai roƙa ba. Akwai wani fili babu kowa a bayan wasu gonaki, na kai mu can, na fita na zagaya.

Hannunsa na dama ya dinga laluben giya, ƙafar hagu tana neman kuloci. Na ce babu, ya taka kawai. Motar ta zabura, ya ce "Kai!", sannan ya lallaɓa ta. Zagaye uku ya yi, a hankali, bayansa a miƙe. Da ya tsaya bai saki sitiyarin nan da nan ba.

"Ba ta da hayaniya," ya ce. "Amma tana jin magana."

Ya ce in kira masa Inna a Kano. Tana ɗauka ya hau ba ta labari, wai yau ya tuƙa mota a ƙasar Larabawa. Ina jiyo muryarta tana faɗa, wa ya ba shi, da wane idon, a ba ta ni. Ya miƙo min wayar yana min alama da hannu in ce zagaye ɗaya ne.