Taya Mai Ninki Takwas da Albasar Yaya Ige

Goronyo, ranar Litinin

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba, bisa agogon da na dawo da shi daga soja, munka gama lodi a bakin kasuwar Goronyo. Buhu ashirin na albasa gare ni a cikin lorin, kuma ko ɗaya ba nawa ba ne. Na yayata ne, Yaya Ige, wadda mijinta ya rasu bara. Ita da kanta ta yi ban ruwa a fadama rani guda, ta ce in kai mata Sakkwato in sayar.

Shekara huɗu na yi a soja ba ni da aiki sai kwance taya da ɗaurawa, don haka ban shiga mota sai na duba ƙafafunta. Ina haska fitila sai na ga ɓarna. Direban, Bawa, ya sa sababbin wili a baya, an shafe su da jan fenti, amma na ƙaramar mota ne. Tayar da ke kansu mai ninki takwas ce, marar kaurin jure nauyi, alhali lorin mai ninki sha biyu yake so. Lambar tana nan a jikin robar ɓaro-ɓaro.

Na ce, "Bawa, wagga taya ba ta motar ga ta ba."

Ya ɗauki ƙarfe ya buga mata, ta yi ƙara. "Ka jiya? Lahiya lau. Kofur, nan ba bariki na ba, shiga mu tahi."

Haka suke gwada taya, da kunne! Na yi tsaki, na hau.

Wurno, ƙarfe bakwai da rabi

Mil ashirin munka yi ba abin da ya faru, har Bawa na leƙo kai yana mani dariya. A shingen Wurno wani ɗan doka ya tsai da mu, ya karanta abin da ke rubuce a ƙofar mota, iyakar nauyin kayanta tan uku, ya ƙirga buhuna, ya ɗaga sanda. Mutumin ya yi aikinsa, ban ga laifinsa ba. Munka sha kunu da ƙosai na kwabo biyu, munka wuce.

Ashe mugun nan Bawa ya shirya abinsa. Mil ɗaya bayan shinge, ƙarƙashin wata tsamiya, ga jakuna tsaye da buhunan shinkafa har ashirin da biyar. Anka fara jibga su a kan albasa.

Na diro ƙasa. "Bawa, mi kaka yi haka? Shinkahwa bisa albasa?"

"Buhu buhu na, Kofur. Motag ga ta saba ɗaukar sittin."

"Sittin na mi? Buhun shinkahwa da na albasa nauyinsu guda na? Ga taya ba taka ba, ga rana na tahowa!"

Sai fasinjoji sunka taso mani, wai ina ɓata masu lokaci. Wani dattijo ya ce in bar wa Allah. Wallahi raina ya ɓaci. Na duba hanya, ba wata mota sai ranar Alhamis. Na koma na zauna.

Hanyar Rabah, ƙarfe sha ɗaya

Maimakon mu miƙe Sakkwato, sai Bawa ya karya kudu, wai akwai geron wani ɗan kasuwa, Maikujera, da ke jiransa a Rabah. Wato har yanzu bai ƙoshi ba! Rairayi ya yi zafi, ina jin ƙaurin roba tun daga inda nake zaune. Na buga bodi, na yi ihu, ko waiwaye.

Saura mil biyu mu shiga Rabah, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin, tayar hagu ta tashi kamar an harba bindiga, 'yar'uwarta ta bi ta. Lorin ya yi tangaɗi ya kwanta a gefen hanya. Allah ya tsare, ba wanda ya mutu, sai dattijon nan da ya goce kafaɗa. Amma da munka janye shinkafa, albasar ta zama kunu. Ruwanta na bin katakon mota yana ɗiga.

Bawa ya tsaya riƙe da ƙugu, wai robar zamani ba ta da ƙarko. Da ba a riƙe ni ba, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Rabah, kwana biyu

Wani mahauci ya sauke ni a zaurensa, ya ba ni tuwon dawa da miyar kuka, bai karɓi ko anini ba. Matansa sunka taya ni tsince abin da ya tsira, munka shanya a inuwa. Cikin ashirin, buhu uku da rabi. Ranar Laraba da hantsi na ɗora su a jakunan wasu fatake, na kamo hanyar gida a ƙasa.

Goronyo, Alhamis da la'asar

Na gode wa Allah da ya maido ni da ƙafafuna, na gode wa mahaucin Rabah da iyalinsa. Bawa kuwa ban yafe ba.

Na tarar da Yaya Ige tana sheƙa a tsakar gida. Na zayyana mata komai, tun daga jan fenti har ninki takwas, ina kumfar baki. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta dubi buhunan, ta dube ni.

"Ashe tun Goronyo kag gani, Mamman?"

"Tun Goronyo, Yaya."

"To mi yah hana ka sauke mani kayana?"